Sanƙarau da ruwan farko: waiwaye kan wata maƙala daga Zariya

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san lokacin sanƙarau ba sai an faɗa masa ba. Hunturu na ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, sai a fara jin labari: yaron gidan wane ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, da safe wuya ya sanƙare, haɓarsa ta kasa taɓa ƙirji. Haka za a yi ta fama har ranar da hadari ya haɗo aka sheƙa ruwan farko, sai cutar ta lafa. Kakanninmu sun san wannan. Dalilinsa ne ya faskara, kuma shi wata gajeriyar maƙala ta tunkara a mujallar Lancet a shekarar 1984.

Jagoran marubutanta Brian Greenwood ne, likita ɗan Ingila da ya shafe kusan shekara goma yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1970, kafin ya koma Gambiya. Cikin abokan aikinsa a maƙalar akwai Hilton Whittle da Dakta Sadik Wali. Ba daga nesa suka hango cutar ba. Annobar 1977 a Zariya a gabansu aka yi ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka juya tambayar. Da za ka tambayi kowa me ya sa sanƙarau ke ɓacewa da damina, zai ce maka ai ƙwayar cutar ce ke daina yawo. Su kuwa sai suka dogara da aikin da aka yi a yankin Malumfashi, inda aka riƙa shafo maƙogwaron mutane masu lafiya da 'yar auduga a bakin tsinke, rani da damina, ana duba wanda ke ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwantar da shi ba. Aka tarar tana nan tana yawo daga wannan zuwa wancan ko da ana tsuga ruwa. Ashe yawonta bai tsaya ba, ikonta na kutsawa cikin jini ne ya ragu. Daga nan suka kawo shawarar cewa busasshiyar iska da ƙura da zafi su ke raunana lallausar fatar hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. Wanda ya taɓa tashi da haɓo da tsagaggen leɓe a watan Janairu zai gane maganar nan take.

Inda maƙalar ta gaza ma a fili yake. Ta nuna cutar da yanayi suna tafiya tare, amma ba ta tsame guda ɗaya daga cikin ƙura da zafi da rashin danshi ta ce ga mai laifin ba, tunda ukun a tare suke zuwa. Batun raunin maƙogwaro hasashe ne mai ma'ana, ba a gan shi da ido ba. Kuma shaidar yanki ɗaya ce, alhali zirin sanƙarau ya miƙe tun daga Senegal har Habasha. Sai dai waɗannan guraben su suka ba ta tsawon rai: masu bincike da suka zo daga baya suna auna iskar hunturu a Mali da ƙurar Sahara a Nijar sun yi ta komawa gare ta suna kafa hujja da ita.

A duniyar masana, da wannan komawar ake auna darajar aiki, wato sau nawa wasu suka ambace shi a nasu rubutun. Ma'aunin yana da amfani, amma yana da son kai. A 2014 mujallar Nature ta lissafa maƙalun da aka fi ambata a tarihi, ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000, domin kowane ɗakin gwaji yana buƙatarta. Aiki kan annobar da ta fi addabar talakawan Sahel ba zai taɓa kusantar wannan adadi ba, masu rubutu a kanta kaɗan ne. Ga misali daga Zariyar kanta: a 1979 Wali da Greenwood da abokansu suka wallafa gwajin warkar da sanƙarau da allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai haɗe da mai. Ga ma'aikacin lafiya a ƙauye da marasa lafiya kwance a gindin bishiya, allura ɗaya maimakon ta kwanaki babban sauƙi ne, kuma shekaru da dama da ita aka riƙa yaƙar annoba a yankin. Babu jadawalin ambato da ke ƙirga yaran da suka tashi ta dalilinta.

Bayan annobar 1996, wadda ta kashe kimanin mutum 25,000 a Afirka, an ƙera rigakafin MenAfriVac, aka fara shi a 2010. Greenwood na cikin waɗanda suka auna tasirinsa a Chadi, inda cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. Nau'in A na ƙwayar, wanda rigakafin ke yaƙa, ya kusan ɓacewa. Amma da nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, kalandar da maƙalar 1984 ta bayyana ya bi: ya tashi da rani, ya yi tsanani da bazara, ya kwanta da saukar damina.