Masu Auna Ƙasar Tsakar Gida

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, an ba da magani, bai yi aiki ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika jini aka gwada a Turai aka gane gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Likita zai iya ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma muddin zai koma ya yi rarrafe a inda ya kwaso ta, aikin banza aka yi. Dole a samu wanda zai nuna inda gubar take, taku bayan taku. Wannan mutum ne nake jinjina wa.

Kayan aikinsa wata na'ura ce ta hannu da ake kira XRF. Yana kafa bakinta a ƙasa, ta harba haske irin na hoton ƙashi, kowane ƙarfe da ke cikin ƙasar ya mayar da amsa da irin tasa alamar. Cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka lamba ta fito. Ma'aunin da aka yi aiki da shi, na Amurka, shi ne kashi 400 cikin miliyan a wurin wasan yara. A wasu wuraren Zamfara an samu abin da ya haura 100,000.

Danna na'ura kowa zai iya koya a yini guda. Gwanintar tana wajen sanin inda za a kafa ta. Dutsen zinaren yankin a cakuɗe yake da dalma, kuma gida ake kawo shi. A daka a turmi, a kai injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Saboda haka mai aunawa sai ya san zaman gidan Bahaushe. Zai duba gindin turmi, da bakin murhu, da ƙarƙashin tabarmar da ake kwantar da jariri, da lungun da ake tara shara, da bakin rijiya, da kududdufin da ake wankin dutse. Zai tambayi matan gida, domin su suka san inda aka daka dutse bara, ko da an share wurin tas. Gidan da aka auna zaurensa kawai aka wuce, ba a auna shi ba.

Ga kuma haƙuri. Ƙasa mai danshi tana rage lamba, tsakuwa kuma tana ruɗa na'ura. Don haka gwani yakan ɗebi ƙasa daga wurare da dama a ɗaki ɗaya, ya busar, ya tankaɗe da rariya mai laushi, ya auna garin. Dalilinsa mai ƙarfi ne: wannan lallausar ƙurar ita ke manne wa tafin yaro, daga tafi kuma sai baki. Yakan ware wasu samfura, ya rubuta sunan ƙauye da lambar gida a jikin leda, a kai ɗakin gwaji don a tabbatar na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Da wannan awo ne ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith Institute, tare da mutanen gari da jami'an jiha, suka kankare saman ƙasa a Dareta, Yargalma, Abare da sauran ƙauyuka. A kankare, a sake aunawa, in lambar ba ta sauka ba a ƙara kankarewa. Ƙasar da za a zuba a madadi ma sai an auna ta tun daga inda aka haƙo ta. Bagega, wadda ta fi girma, sai 2013 aka share ta, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnati, jiran da yara suka biya da lafiyarsu.

'Yan'uwan wannan sana'a su ne masu auna tururin yuraniyom. A Arlit da Akokan, garuruwan haƙar yuraniyom na Nijar, masu bincike na CRIIRAD daga Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun bi tituna da kasuwar tsofaffin ƙarafa da rijiyoyi da na'ura a hannu, suka gano tarkacen ma'adinai a inda jama'a ke takawa kullum.

A 2015 dalma ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wannan karon ba a daɗe ana laluben dalili ba, kuma cikin waɗanda suka je share ƙauyen Shikira da ke can akwai 'yan Najeriya da suka koyi aikin a Zamfara.