Zango a Bakin Hanya: Boɗinga da Shagari a Idon Rubutaccen Adabi

Duk wanda ya shiga mota daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, sai ya ratsa Boɗinga, ya ratsa Shagari. Direba zai rage gudu, masu talla su yanyame taga, a sayi abin da za a saya, a wuce. Wannan ratsawar ita ce irin ziyarar da rubutaccen adabin Hausa ya saba kai wa garuruwan nan biyu. Sunayensu sanannu ne a littafi, amma an san su ne saboda manyan da suka zauna ko suka fito daga cikinsu. Mutanen da ke kwana su tashi a can kuwa, har yanzu alƙalami bai zauna da su ba.

A ɗauki Boɗinga. A yankinta Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, har ya koma Sakkwato a 1815. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kanta, a zamanin da ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin Tazyinul Waraƙat a 1813. Nana Asma'u kuma, a Waƙar Gewaye, ta bi sawun mahaifinta daga Ɗegel zuwa Gudu har zuwa Sakkwato, tana ambaton wuraren da jama'a suka sauka. Waƙa ce mai nauyi, kuma ta cika aikin da aka yi ta dominsa: mata da yara su haddace tarihin jihadi ba tare da sun buɗe littafi ba. Sai dai a cikin irin wannan tsari gari zango ne. Darajarsa tana ga wanda ya sauka, kuma da zarar ayari ya ɗaura kaya, hasken waƙar ya tafi tare da shi. Wa ya noma geron da ya ciyar da almajiran da suka cika Sifawa? Wa ya haƙa rijiyoyin? Waƙar ba ta yi alkawarin faɗa mana ba, don haka ba za a kama ta da laifin saɓa alkawari ba.

Bayan fiye da ƙarni guda, wani matashin malamin makaranta haifaffen Shagari a 1925 ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948. Shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. Masu nazari sukan jefa waƙar cikin kwandon waƙoƙin ilmantarwa su wuce, kamar dai ba ta da wani abin dubawa sai darasin labarin ƙasa. Ni a ganina an rage mata kima. A 1948 kalmar Nijeriya baƙuwa ce a kunnen yaron karkarar Sakkwato, wanda duniyarsa ba ta wuce kasuwar mako da fadar hakimi ba. Malamin da ya zauna ya zuba ƙasa guda cikin baitoci, don yaro ya rera ta har ta zama tasa, ya yi aikin siyasa tun kafin ya shiga siyasa. Amma a lura da inda fuskar waƙar take kallo. Daga ƙauye take leƙen waje. Tana ɗauke yaro daga ƙofar gidansu ta kai shi bakin teku, kuma ba aikinta ba ne ta dawo da shi ta nuna masa cewa ƙofar gidan ma abin waƙa ce.

Ashe waƙoƙin biyu, duk da nisan zamani da bambancin manufa, gewaye suke yi. Matsalar ta taso ne daga mu magada, da muka ɗauki gewayen ya zama shi kaɗai ne hanyar ambaton ƙaramin gari. Ƙagaggun labaran da aka yi ta bugawa a Kano tun daga shekarun 1980, da waɗanda ake sakawa yanzu a waya, mafi yawansu a birni suke zaune, ƙauye kuwa wurin da jaruma ta baro ne ko inda ake tura ta horo. A fina-finai abin ya fi muni: da ka ji an karkata harshe zuwa Sakkwatanci, to shirya dariya, ga baƙauye nan tafe.

A nan nake son in daɗe, domin batun harshe shi ne gindin abin. Daidaitacciyar Hausa da aka gina bisa karin Kano, wadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, ta yi mana rana, ba mai musu. Da ita nake wannan rubutu. Amma mutumin Boɗinga ba ya cewa "yana zuwa", cewa yake "shina zuwa". Ba ya cewa "shi ne ya tafi", sai "shi yat tahi". Wannan ninkin baƙin da ke cikin "yat tahi" yana da nauyi a awon waƙa, kuma da shi Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka gina kiɗan da har gobe ake nazari a jami'o'i. Abin mamaki, mun yarda da karin a bakin makaɗin fada, mun ƙi shi a bakin jarumin labari. Marubucin da ya sa manomin Shagari ya yi magana da Hausar rediyo ya riga ya kore shi daga labarinsa tun kafin ya buɗe baki.

Lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina, na zauna da wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Boɗinga ina naɗar waƙoƙin niƙa da na daka. A cikinsu na ji abin da ban taɓa karantawa ba: kishi, bashin biki, mijin da ya tafi cin rani bai aiko ba, shekarar da fari ya sa aka ci abin da ba a saba ci ba. Jaridar garin ke nan, kuma mata ne editocinta. Da na kai aikin, aka umarce ni in mayar da baitocin cikin daidaitacciyar Hausa. Na bi umarni (wa ke jayayya da mai riƙe da makinsa?), baitocin suka fito sumul, babu kuskure, babu kuma dattijuwar a ciki.

A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a kogin Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa 'yan Gidan Magana da suka fita neman itacen girki. Kafofin labarai na gida da na waje sun kawo adadin, wasu suka ƙara da tunatar da mai sauraro cewa yankin tsohon shugaban ƙasa ne. Ko a ranar makoki sai da aka jingina garin da babban mutum kafin a gane shi. Al'adar da ta haifi marsiyyoyin Nana Asma'u tana da kayan aikin da za ta yi wa yaran nan kuka da sunayensu, ta tambayi dalilin da ya sa itacen dafa tuwo ya koma sai an haye ruwa. Ina kyautata zaton an yi kukan, a tsakar gida, da karin da aka ce in gyara.

Bara na koma ƙauyen dattijuwar da niyyar in sake naɗar baitocin yadda ta faɗe su. Na tarar ta tsufa ƙwarai, dutsen niƙan yana jingine a bayan rumbu, jikokinta kuma sun ɗauki kwano sun tafi layin inji.