Ba a ara wa mutum kayansa

Har yanzu abin da aka yi wa masarautar Asante a shekarar 2024 yana ci mini rai. Gidajen tarihi biyu na Landan, British Museum da Victoria and Albert, sun kai kayan sarauta 32 na zinariya da azurfa Kumasi, kayan da yawancinsu sojojin Ingila ne suka kwashe daga fadar Asantehene, sarkin Asante, a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Jama'a suka yi cincirindo a fadar Manhyia suna kallon kayan kakanninsu. Amma a takarda aro ne, na shekara uku, da damar a ƙara wasu uku. Mutum ya shiga gidanka da bindiga ya kore maka shanu, jikansa ya zo ya ce zai ba ka aron saniya ɗaya ka tatsa, ka maido ranar kaza. Wa zai yarda da wannan?

Mu a Najeriya mun fi kowa sanin wannan ciwo. A watan Fabrairun 1897 sojojin Ingila suka shiga birnin Benin, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, birnin ya ƙone, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. An yi gwanjon kayan a Turai, suka watsu. British Museum kaɗai na riƙe da sama da 900, kaɗan ne kuma ake nunawa, sauran suna ɗakin ajiya. Da za a yi bikin FESTAC a Legas a 1977, Najeriya ta zaɓi fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa a matsayin tambarin biki, ta nemi a kawo ta, aka hana. Dole aka sassaƙa wata a madadinta. Ƙasa ta tara baƙi daga ko'ina a duniya, ta nuna musu kwaikwayon abin da yake nata!

In ka matsa wa Turawan Ingila sai su ce doka ta ɗaure su, wai dokar 1963 ta hana British Museum rabuwa da abin da ke hannunsa. To, wa ya yi dokar? Majalisarsu ce, kuma tana nan tana zama. Faransa ma tana da irin wannan ƙa'ida, amma a 2020 majalisarta ta yi doka ta musamman, a 2021 kayan fadar Abomey 26 suka koma Jamhuriyar Benin. Jamus ta fi burge ni. A 2022 ta sa hannu ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan birnin Benin fiye da 1,100, aka kawo kashin farko Abuja a watan Disamba, wasu kuma suka ci gaba da zama a Jamus da iznin mai su. Haka ya kamata: a fara amincewa da mai kaya, sannan shi ya ga wanda zai ara wa.

Sai kuma tsohuwar magana, wai ba za mu iya kula da kayan ba. Nan kam ba zan ɓoye ba, gidajen tarihinmu suna cikin wani hali. An yi sata a na Jos a shekarun 1980, masu tonon dare sun yi wa gumakan Nok na kudancin Kaduna ɓarna ba kaɗan ba, kuma duk wanda ya leƙa irin waɗannan gidaje ya san kuɗi ba ya isa wurin. Wannan laifinmu ne, mu gyara. Amma su wa ke sayen gumakan Nok ɗin in an tono? Kuma a 2023 British Museum da kansa ya sanar cewa kusan kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, wasu an sayar da su a eBay, har shugabansa ya ajiye aiki. Ban ji wanda ya ce a kwashe musu sauran don sun kasa riƙo ba.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai cewa a Landan duniya duka ke ganin kayan. Wace duniyar? Ɗan maƙerin tagulla a titin Igun na birnin Benin, wanda har yau gidansu ke wannan sana'a, sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi, kafin ya ga aikin kakansa ta bayan gilashi. Ɗan yawon buɗe ido kuwa ya shiga kyauta ya ɗauki hoto ya wuce.

Na san an yi ce-ce-ku-ce da Shugaba Buhari ya ayyana a 2023 cewa Oba na Benin ne mai kayan da aka maido, wasu a Turai suka fara ƙorafin ai an ba mutum ɗaya dukiyar jama'a. Daga fadar aka ɗauke su. Ko a fada za su zauna ko a gidan tarihin gwamnati, shawara ce tsakanin fadar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ba hujjar riƙe kaya ba ce. Holland ba ta fake da wannan ba, a 2025 ta maido guda 119 ba tare da sharaɗi ba.