Ɗan Boko ko Baƙin Bature? Gyara a Kan Wata Kalma

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya da aka yi ta bugawa a Kano tun ƙarshen shekarun 1980 ya san wani tauraro da marubutanmu ba su gajiya da shi. Gidansu a Nassarawa GRA yake, ya yi karatu a Ingila, yana cin abinci da cokali mai yatsu, in ya buɗe baki rabi Hausa ne rabi Ingilishi. Sai marubuci ya kira shi "ɗan boko" ya wuce, ya bar mai karatu ya ɗauka cewa mutum ne da ya sayar da al'adarsa. To, a nan muke da ja, domin mun ɗora wa kalma ɗaya kayan mutum uku, alhali kowanne halinsa daban.

Na farko shi ne ɗan boko na haƙiƙa, wato wanda ya shiga makarantar zamani, ba ƙari ba ragi. Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun yi Kwalejin Katsina, amma su ne suka ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar bayan gasar rubutu ta 1933. Malam Aminu Kano har Landan ya je karatu, ya dawo ya zama ƙashin bayan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950 ta tsaya wa talakawa a gaban mulkin mallaka da na En'e. Idan "ɗan boko" zagi ne, ke nan mun zagi iyayen gidan adabinmu. Bugu da ƙari, kalmar tana da nauyin da ya kamata mu sani. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa "boko" Bahaushiyar kalma ce mai nufin abin yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko, ba daga Ingilishi aka aro ta ba. Tun rikicin 2009 kuwa, kowa ya ga inda ƙyamar boko ta kai mu. Marubucin da ya mai da makaranta alamar lalacewa yana ƙara wa wannan wuta itace, ko ya sani ko bai sani ba.

Na biyu shi ne wanda wasu halayen Turawa ke burge shi: kiyaye lokaci, tsarin aiki, ajiye takardu, son karatu. Wannan ba ya bukatar wani laƙabi, a kira shi mai sha'awar Turawa ya wadatar. Hasali ma, a Nassarawa ɗin nan muna da misalin yadda kakanninmu suka ɗauki irin wannan sha'awa in ta juyo ta wajensu. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ya laƙanci harshenmu har aka sa masa suna Ɗan Hausa, gidansa kuwa har yau Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Duk da haka bai daina zama ma'aikacin gwamnatin Ingila ba. Idan Bature zai so Hausa ya ci gaba da zama Bature, me zai hana Bahaushe ya yaba wani abu na Turawa ya ci gaba da zama Bahaushe?

Na uku shi ne wanda marubutanmu ke farauta suna harbin na gefensa, kuma Hausa ta riga ta yi masa suna: baƙin Bature. Ga ma'anar da muke ba shi. Baƙin Bature shi ne mutumin da ya mai da Bature ma'aunin kome, har ya kai ga raina nasa don kawai nasa ne. Raini shi ne ginshiƙin ma'anar. Shi ne mai jin kunya a ji mahaifiyarsa na magana a gaban abokansa, mai hana 'ya'yansa Hausa a gida, wanda ba ya yarda da zance sai an faɗa masa da Ingilishi. Frantz Fanon, likita ɗan tsibirin Matinik, ya yi littafi guda a kan wannan ciwo a 1952, haka kuma Okot p'Bitek na Yuganda ya zana shi a Waƙar Lawino ta 1966, inda miji ya dawo da ilimi ya ƙyamaci matarsa da danginta.

Da wannan ma'auni, za mu ga cewa unguwa ba hujja ba ce. Gaskiya ne Turawan mulki suka keɓe wa kansu GRA, da filin sukuwarta da manyan gidaje masu lambu, amma tun bayan samun 'yancin kai a 1960 'yan kasuwa da ma'aikata da sarakai suka gaje ta. Akwai attajirin da ke can wanda tabarma ce wurin zamansa, almajirai cike da ƙofar gidansa, akwai kuma baƙin Bature a lungun cikin birni wanda ko filin jirgi bai taɓa shiga ba.

Saboda haka shawararmu ga masu tasowa ita ce, in kuna son nuna baƙin Bature, ku bar adireshi da kwat da cokali, ku nuna mana rainin a aikace. Ku sa kawunsa ya zo daga ƙauye da buhun gero a ka, mu ga ko zai durƙusa ya gaishe shi ko kuwa zai ce wa maigadi ya tsayar da shi a bakin ƙofa. Wannan fage guda ya fi shafi goma na kwatanta kujerun falo. In kuwa tauraronku ya durƙusa, to ku cire masa laƙabin, ko da a Landan aka yanke masa cibiya.

Muna maraba da martanin 'yan'uwa a fitowa ta gaba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.