Jinjina ga Mai Gwajin Waya

Mai ja wa gida waya kowa na ganinsa, amma wanda ke dawowa ya gwada ta, da wuya a tuna da shi. Shi nake jinjina wa. Zai durƙusa gaban soket, ya jona na'urar gwaji da wayar intanet, ya zuba ido fitilu 8 su kama bi da bi, domin silin waya 8 ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Ɗaya ta ƙi, sai ya yanke kan ya sake, ba gunaguni. Sannan ya hau rufin kwano da tsakar rana, yana neman inda ruwan damina ya shiga wayar eriya ya kawo tsatsa. Da dare hoto ya fito tangaran, yara na kallon ƙwallo, shi kuwa tuni ya koma gida.