Dabinon da Yaro Ya Amayar: Nazari a Kan Wani Gajeren Labari na Ɗayyib Salih

Mu da muka tashi da tatsuniya mun saba a rufe mana labari ruf. Gizo ya sha kunya ko ya tsira, mai tatsuniya ta ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Shi ya sa gajeren labarin da ya tsaya ba tare da yanke hukunci ba yakan bar mai karatu da ɗaci a baki. A wurin aikina na rediyo, duk ranar da aka karanta irin wannan labari, tambayar da masu sauraro suka fi bugo waya su yi ita ce: “To, daga nan sai me ya faru?” Ina so in ɗauki labari guda in nuna cewa wani lokaci amsar tana cikin abubuwan da marubucin ya shimfiɗa tun farko.

Labarin shi ne “Hafnat Tamr”, wato dabino cikin tafin hannu, na marubucin Sudan Ɗayyib Salih, wanda aka haifa a 1929 a ƙauyen Karmakol da ke bakin kogin Nilu, ya rasu a Landan a 2009. Ya yi aiki a sashen Larabci na BBC, kuma ana jin haka a rubutunsa, don labari ne da ke zama a kunne. Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Turanci, ya fito a 1968 tare da “The Wedding of Zein”.

Mai ba da labarin babban mutum ne da ke tuna ƙuruciyarsa. Yaro ne mai son masallaci da kogi da gona, amma kakansa ya fi so, dogon tsoho mai farin gemu. Wata rana ya tambayi kakan dalilin da ya sa ba ya ƙaunar maƙwabcinsu Mas'ud. Tsohon ya ce malalaci ne. Shekara arba'in da suka wuce duk filin nan na Mas'ud ne, shi kuwa ya zo garin ba shi da ko taki ɗaya. Yanzu kashi biyu cikin uku ya dawo hannunsa, saboda duk auren da Mas'ud ya yi sai ya sayar da wani yanki, kuma yana sa ran sayen ragowar kafin ya koma ga Allah. Sai aka tafi girbin dabinon Mas'ud. Aka tara buhu 30, masu bin bashi suka rabe su kaf, kakan ya ɗauki biyar, ya kuma tuna wa Mas'ud cewa da sauran fam 50 a kansa. Yaron ya ruga bakin kogi, ya sa yatsa a maƙogwaro, ya amayar da dabinon da ya ci. Nan labarin ya tsaya.

Babu jini, babu gawa, amma labarin yana da duhu, domin abin da aka yanka a cikinsa shi ne yardar yaro ga mutumin da yake burin zama kamarsa. Salih ya ma kwatanta ƙarar da ta fito daga maƙogwaron Mas'ud da ta ɗan rago a lokacin yanka. A lura da wannan: maƙogwaron Mas'ud, wanda a da aka san shi da daɗin murya da dariya, shi ne ya shaƙe, kuma maƙogwaronsa yaron ya nufa da yatsa. Abin da ya tsaya wa babba a wuya, ƙaramin ne ya fitar da shi.

Alama ta farko ita ce bishiyar kanta. Lokacin da ake saran nonnan dabino, Mas'ud kaɗai ya gargaɗi yaron da ya hau sama kada ya taɓa zuciyar bishiyar, ba wanda ya kula shi. Wanda ya san dabino, ko a Sudan ko a Bilma, ya san wannan ba adon magana ba ne. Kai ɗaya bishiyar take da shi, inda sabon ganye ke fitowa, in aka sare shi ta mutu. Alamar tana da ƙarfi ne saboda gaskiya ce a gona kafin ta zama gaskiya a kan mutum. Duk wanda ke wurin yana lissafin buhu, mutum ɗaya ne ke tunanin ran bishiyar, kuma shi ne ake sarar zuciyarsa a bainar jama'a.

Alama ta biyu ita ce karatun yaron. An gaya mana malaminsa yakan tashe shi ya karanta Suratur Rahman idan an yi baƙi, kakan kuma yana jin daɗin sauraron karatunsa. Salih bai ce komai a kan wannan ba, ya dai ajiye shi. Sai a wurin rabon buhuna mai karatu zai tuna cewa tsohon da ke son jin surar rahama bai bar wa maƙwabcinsa ko mudu ɗaya ba.

To, mene ne ma'anar aman? Fassarar da ta fi saurin zuwa wa Musulmi ita ce ƙin cin abin da ke da shubuha. Akwai ruwaya a Bukhari cewa Sayyidina Abubakar ya sa hannu a baki ya fitar da abincin da ya ci bayan ya ji an same shi ta hanyar bokanci. Yaron da ya tashi a makarantar allo zai iya yin haka ko bai san ruwayar ba. Kuma kakan ne da hannunsa ya ba shi dabinon, wato ya sa shi cikin masu rabon ganima bai sani ba.

Sai dai wannan fassara tana da gibi. Kakan bai yi sata ba. Saye ya yi, bashi ya bayar, kuma in an je gaban alƙali shi ke da gaskiya. Mas'ud ma yana da nasa laifin, in har abin da aka faɗa a kansa haka yake, don daga bakin mai kwaɗayin gonarsa kaɗai muka ji tarihinsa. Duk wanda ya ga manomi ya ci bashi da damina ya biya da amfanin gonarsa da kaka ya san irin wannan ciniki: a takarda daidai yake, a ido kuwa ba ya kallo. Yaron ba shi da kalmar da zai kira abin da ya gani, mai ba da labarin ma ya ce bai san dalilin da ya sa ya yi aman ba. Cikinsa ne ya yanke hukuncin da bakinsa ya kasa.

Fassarar da na fi karkata gare ta ta fi wannan ɗaci. Dabino cikin tafi ɗaya ya amayar, buhu 30 kuwa sun tafi a bayan jakuna da raƙuma. Da yamma dole ya koma gida ya ci tuwon da aka noma a tsohuwar gonar Mas'ud, wata rana kuma gonar na iya zama gadon gidansu. Ana amayar da dabino, jini kuwa ba ya amayuwa. Babban mutumin da ke ba mu labarin ya san abin da ya biyo baya, ya kuma zaɓi ya yi shiru. A ganina wannan shirun ya fi komai nauyi. Da ya rabu da halin kakan, da wuya ya ɓoye mana.

Wani zai ce ai kowa da fahimtarsa. Ban yarda da hakan ɗari bisa ɗari ba. Alama ba kacici-kacici ba ce mai amsa ɗaya, amma kuma ba a ɗora mata abin da labarin bai ɗauka ba. Wanda ya ce aman na nufin yaron ya yafe wa kakansa, sai ya nuna mana inda aka shuka hakan. Fassarori biyun da na kawo kowace tana da sawu a cikin labarin, shi ya sa suke iya zama tare.

Inda nake ganin labarin ya gaza shi ne matan Mas'ud. Su ne aka ɗora wa laifin tsiyacewarsa, amma ko ɗaya ba ta da suna ko murya. Ana iya cewa idon yaro ne, abin da aka nuna masa kaɗai ya gani, duk da haka gurbin yana nan.

Ga 'yan'uwana masu rubutu a intanet, musamman masu yanke labari a tsakiya su ce salo ne: ku ƙirga abin da Salih ya tanada kafin ya tsaya. Bishiya, sura, maƙogwaro, bashin fam 50. Ya gama ba mu duk shaidun, hukunci kaɗai ya bar mana. Wanda ya tsaya don bai san inda labarinsa ya dosa ba, mai karatu zai gane, kamar yadda ake gane tuwon da aka sauke bai nuna ba.