Rance a Matsayin Garkuwa: Sharhi kan Binciken Christopher Udry

Christopher Udry, masanin tattalin arziƙin ƙasashe masu tasowa ɗan Amurka, ya koyar a jami'o'in Yale da Northwestern, amma aikin da ya fito da sunansa a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya aka yi shi. Tsakanin 1988 da 1989 ya bi diddigin rancen da magidanta wajen 200 suka bayar ko suka karɓa, ya kuma buga sakamakon a maƙalu biyu, ɗaya a 1990, ɗaya a 1994. Wannan sharhi ya auna abin da maƙalun suka gano da kuma abin da ma'auninsu ya kasa kamawa.

A wancan zamani, ra'ayin da ya rinjaya a hukumomin ba da tallafi shi ne cewa manomin karkara na hannun azzaluman masu ba da bashi da ruwa, kuma mafitarsa banki. Udry ya tarar da wani abu dabam. Kusan dukkan rancen tsakanin 'yan uwa da maƙwabta ake yin sa, ba jingina, ba takarda, ba a yanke ruwa ko ranar biya tun farko. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda biyan ke bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. Idan gonar wanda ya ci bashi ta lalace, ko ciwo ya shiga gidansa, sai ya biya kaɗan ko a jinkirta masa. Idan kuwa mai bashin ne masifa ta faɗa wa, sai a biya shi fiye da yadda aka saba. Ke nan rancen na yin aikin inshora ba tare da an kira shi da wannan suna ba.

Bahaushen da ya tashi a karkara zai ce ai wannan ba labari ba ne, kuma yana da gaskiya. Darajar aikin ita ce ya mayar da abin da kowa ya sani zuwa alƙaluman da ma'aikatan Bankin Duniya ba za su iya kau da kai daga gare su ba. Haka kuma bai yi wa ƙauyen ado ba, domin maƙalar 1994 ta nuna cewa wannan taimakekeniya ba ta ɗauke dukkan asarar da ta sami gida ba, rage raɗaɗi kawai take yi.

Inda aikin ya yi rauni shi ne fassara. Ilimin tattalin arziƙi na kallon sassaucin nan a matsayin yarjejeniyar da masu lissafin riba suka ƙulla domin kare kansu. Amma mutumin Zazzau da ya ɗaga wa maƙwabcinsa ƙafa yana da wasu dalilai da ya san sunansu: haramcin riba, da umarnin jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci da ya zo a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, da zumunci, da tsoron a ce da shi marar mutunci. Bambancin na da muhimmanci a aikace. Idan lissafi ne kaɗai ke riƙe da tsarin, sabon banki zai iya maye gurbinsa. Idan kuwa imani da kunya ne ginshiƙansa, rancen da ke da ƙayyadajjen wa'adi, irin na ƙananan bankuna da manhajojin waya na yau, yana iya kawo kuɗi ya kuma raunana abin da ke kare talaka ranar da gero bai yi ba.

Akwai kuma batun mata. Binciken Zariya ya ɗauki gida a matsayin jaka ɗaya, alhali tun 1969 Polly Hill ta yi rubutu kan ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi a ƙasar Hausa, kuma adashi da biki hanyoyin kuɗi ne masu zaman kansu. Abin lura, Udry da kansa ne ya girgiza wannan zato daga baya. Maƙalarsa ta 1996 kan Burkina Faso ta nuna cewa gonakin mata na ba da amfani ƙasa da na maza a cikin gida ɗaya, saboda taki da ƙwadago sun fi karkata ga gonar miji. Da wannan ido ya kamata a sake karanta alƙaluman Zariya.

Ayyukansa na baya a Gana sun ci gaba da bin tambayar farko. Shi da Markus Goldstein sun nuna a 2008 cewa manoman da ba su da ƙarfi a siyasar gari na tsoron barin gona ta huta, kada a ƙwace ta. A wani bincike da aka buga a 2014, tare da Dean Karlan da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto, ya gwada inshorar ruwan sama a arewacin ƙasar, aka ga manoman da suka same ta sun ƙara zuba jari a gona, fiye da tasirin da kyautar tsabar kuɗi ta yi. Wannan ya toshe giɓin da rancen ƙauye ya bari, domin idan fari ya zo, mai bashi da wanda ake bi duk rumbunsu ɗaya ne. Sai dai inshorar kamfani na ɗauke da tambayar fiƙihu kan garari, wadda manomi Musulmi zai kai wa malaminsa kafin ya biya ko sisi, kuma gwaje-gwajen irin wannan ba su cika sanya malamin cikin lissafi ba.